Ranar da Na Ɗaura Zane a Kusada

Kankiya, ranar Talata.

Zuwa ga iyalina Rahamatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, jiki yana ƙara ƙarfi. Yaya ruwan zafi? Yaya Amatullah, tana barin ki ki runtsa kuwa? Ki gaishe mani da Inno da kyau, ki yi mata sannu da ɗawainiyar jego. Tun da kika tafi gida wanka ɗakin nan ya yi mani faɗi. Na kira jiya aka ce kina barci, shi ya sa na ce bari in rubuto Kamalu ɗan ƙungiyarmu ya kawo maki, tunda dama yau zai shigo Kusada yin shela.

Ga albishir. An ba ƙungiyarmu filin makarantar firamare ta nan garinku, za mu yi wasan kwaikwayonmu ranar Asabar bayan la'asar. Wannan shi ne karon farko da za mu fita daga Kankiya. Mun ɗaure wa babur ɗin Kamalu lasifika, in kin ji ana zagaya unguwarku ana kiran jama'a, to mu ne. Da bakina na ɗauki shelar a waya, za ki gane muryar.

Kin tambaye ni rannan a kan me wasan yake, na ce maki a kan zazzaɓi ne. To haka ne, zazzaɓin yara ne da jinkirin kai su asibiti. Na daɗe ina rubuta shi, kuma ban taɓa rubuta abin da ya fito mani da sauƙi kamarsa ba. Akwai wata tsohuwa a ciki, Gwaggo, Labaran tela ne yake fitowa a matsayinta. In ya ɗaura zane ya ranƙwafa, mu kanmu sai mun dakatar da gwaji mun gama dariya.

Na san ke ba halin fita. Amma ina roƙon ki lallashi Inno ta zo ta gani, ita da maƙwabtanta. An ware wa mata gefensu ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya, zan sa a shimfiɗa masu tabarma a gaba. Ina so ta ga cewa abin da surukinta yake yi bayan tashi daga koyarwa ba shiririta ba ne.

Ki shafa mani kan yarinya. Allah ya ƙara lafiya.

Naki,
Abdulbaƙi

Kankiya, ranar Litinin.

Rahamatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ke da Amatullah. Ina son in ce ki gaishe da Inno, amma ban san ko ina da bakin aika mata gaisuwa ba.

Na yi ta kira tun ranar Asabar ba ki ɗauka ba, kuma ban ga laifinki ba. Na san mata sun kawo maki labari kafin a kira magariba. Ina so ki ji shi daga wurina ma, ba don in wanke kaina ba.

Muna ɗora kaya a mota aka kira mu cewa Labaran ya faɗi da babur a hanyar Kafin Soli, ya gurɗe ƙafa. Jama'a kuwa an riga an tara su. Duk cikinmu ba wanda ya haddace maganganun Gwaggo sai ni da na rubuta su. Kabir, wanda ke fitowa a uban yaro, ya ce mu ɗage. Ni na ƙi. Na ce ba za mu cika gari da shela sannan mu ce ba wasa ba. A wani aji na ɗaura zanen Labaran, na ɗaura ɗankwali, aka shafa mani toka a gira.

Da na fito fili sai aka fashe da dariya, ganin malamin makaranta da zane. Dariyar nan ta shiga kaina. Ban taɓa gwada muryar tsohuwa ba, don haka da na buɗe baki sai muryar da na fi sani ta fito. Na ji ta da kunnena tun kalmar farko, na gane ko ta wace ce, kuma ban tsaya ba. Na riƙa buga bayan hannu a tafin hannu yadda take yi in tana musu. Na riƙa gyara ɗaurin ɗankwali kafin in yi magana. Duk wanda na yi sai mata su kwashe da dariya suna taɓa juna, ni kuwa ina ƙarawa.

Sai muka zo wurin da uwar yaro take roƙo a tafi asibiti, Gwaggo ta tare ƙofa da kwanon jiƙo a hannu. Na ɗaga murya na ce, "Wace asibiti? A bar shi shi yi zuhwa tukuna."

Ke kin san wannan maganar. A ɗakin Inno aka faɗe ta, daminar da ta gabaci ta bara, ranar da jikin ɗanmu Zulkifli ya yi zafi ina Katsina wurin bita. Ke kika faɗa mani ita bayan an share makoki, kina kuka, kika ce kada in taɓa tayar da ita. Na yi maki alkawari.

Da na faɗe ta gefen maza ya ci gaba da dariya, don su ba su san komai ba. Gefen mata kuwa ya yi tsit. Na juya na ga Inno a tabarmar gaba, wadda ni na sa aka shimfiɗa mata. Ba ta dube ni ba. Ta laluba takalmanta, ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe fuska. Mata suka riƙa janye ƙafafu suna ba ta hanya. Ba wadda ta bi ta. Ni kuma ina tsaye da zane da kwano a hannu, Kabir yana raɗa mani in faɗi maganar da ke gaba. Na faɗe ta. Na ƙarasa wasan har ƙarshe, aka tafa mana, shugaban makaranta ya riƙe hannuna yana cewa bai san ina da wannan baiwar ba.

Tun ranar nake neman inda zan fake. Na ce wa kaina faɗuwar Labaran ce ta jawo, da shi ya fito ba wanda zai gane. Amma jiya na ɗauko takardun wasan na duba. Maganar tana nan da rubutun hannuna, yadda ta faɗe ta, har da zuhwa irin tata, alhali ni zufa nake cewa. Tun kina da ciki na rubuta ta. Duk gwajin da muka yi ina zaune ina jin Labaran yana faɗin ta, ina gyara mashi inda zai ja numfashi. Da kika tambaye ni kan me wasan yake na san dalilin da ya sa na taƙaita maki. Na ɗauka na yafe wa Inno tuntuni. Ina gaishe ta, ina kai mata goro, ina cin tuwonta. Ashe abin yana nan a ajiye, har na aika aka gayyato mani ita gaban jama'ar garinta.

Ɗanmu ne, Rahamatu, kuma jikanta ne da ta goya. Da shi na ba mutane dariya.

Na ce wa 'yan ƙungiya ba za mu je Kafin Soli ba, duk da an riga an yi shela a can. Sun ji haushi, ban yi masu bayani ba. Yau a aji na kasa duban yara, na ba su aiki na fita na tsaya a baranda.

Ba na roƙon ki ba ni amsa. Ki dai karanta.

Mijinki,
Abdulbaƙi

Kankiya, ranar Asabar.

Zuwa ga Rahamatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta Amatullah. Jiya na ji kukanta daga tsakar gida, muryarta ta ƙara ƙarfi.

Kin san na zo bayan an sauko daga Juma'a. Na ga labulen ɗakinki ya motsa, ban sa ran za ki fito ba. Tunda ba ki ji abin da ya gudana tsakanina da Inno ba, kuma na san ita ba za ta faɗa maki ba, bari in gaya maki.

Tun kafin in iso gidan na sha kunya. A bakin kasuwa wasu matasa suka gane ni, ɗaya ya ɗaga waya yana nuna mani kaina da zane, yana kirana Gwaggo. Ashe an ɗauki wasan, yana ta yawo. Na tsaya na roƙe su su goge. Suka goge a gabana suna mamaki, amma na san ya riga ya wuce inda roƙona zai kai. Yayanki Sadisu na tarar a zaure. Ya amsa sallamata bai ba ni hannu ba. Shi ya gaya mani Inno ba ta taka ƙofar gida ba tun ranar, ko sunan da aka yi a maƙwabta ba ta je ba, don an fara faɗin maganar zuhwa a bakin famfo in mata suna wasa da juna. Ya ce ba don darajar jaririya ba da bai bar ni na wuce zauren ba. Na ce gaskiyarsa.

Na durƙusa a ƙofar ɗakinta, daga waje. Tana ciki tana gyaran wake a faifai. Na gaishe ta ta amsa kamar kullum, ta tambayi aiki, ta tambayi mutanen Kankiya, har ta tambayi ƙafar telan da ya faɗi. Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Inno, na yi laifi, na zo a yafe mani."

Ta daɗe tana tsintar wakenta. Sannan ta ce, "Malam, ai ba ƙarya ka yi ba. Duk Kusada an san ni ce. Ba wanda ya taɓa hwaɗa mani, har ɗiyar da na haihwa. Kai kaɗai ka hwaɗa, kai ma sai da ka ɗaura zane."

Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi. Na sunkuyar da kai. Na ce a raina da tun farko na zo na durƙusa a nan na yi kukana a gabanta, ita ma ta yi nata, da ba mu kai ga filin makaranta ba.

Ta ce tun rasuwar yaron ba ta sake dafa jiƙo ba, ko na kanta. Ta ce ranar da kika haihu ita ta fara cewa a nemo mota. Ban san wannan ba. Ta ce in daina bin mutane ina roƙo su goge, abin da ya fita ya fita, bakin mata kuma zai sami wani abin ya kama kafin kaka. Na sake cewa ta yafe mani. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ban sani ba ko wannan yafiya ce ko sallama, kuma ban ga ina da hurumin tambaya ba.

Game da wasan, na zauna da Kabir da Labaran na gaya masu gaskiya. Kabir ya ce saƙon yana da amfani, yara suna mutuwa a ƙauyukan nan duk damina, kada in binne shi don kunyata. Labaran ya ce in an cire wa Gwaggo ban dariya ba mai tsayawa kallo. Watakila duk suna da gaskiya. Ni dai na ce masu ba zan sake taɓa shi ba sai kin dawo mun zauna, in kin ce a bar shi an bar shi ke nan.

Sauran abu ɗaya. Na yi mata sallama na miƙe, har na juya, sai ta kira ni. Ta ce ita ba ta ga ƙarshen wasan ba. Ta ajiye faifan ta ce, "Yaron nan na cikin wasan, ya tashi?"

Na ce ya tashi, Inno. An kai shi asibiti da wuri, aka yi mashi allura, ya tashi.

Ta dubi ƙasa. Can ta ce, "To, alhamdulillahi." Ta faɗe ta yadda ake faɗi in an kawo labarin ɗan mutane na gaske. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da gyara.

Ban san yadda na fito daga gidan ba. Na tura babur har bayan gari kafin in iya hawa.

Zan dawo Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu. In kin fito na gode, in ba ki fito ba zan gaishe da Inno in zauna wurin Sadisu a zaure. Ki kula mani da ita, ki ja ta ta riƙa fita ko da maƙwabta ne.

Wassalam.

Mijinki mai jin kunyarki,
Abdulbaƙi