Motar da Za Ta Kai Eunice Asibiti

Tungan Magajiya

Ƙanena Japhet,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya su Kulu da yara? Sabis ɗin waya ya ɗauke mana, shi ya sa na ba direban motar kasuwa wannan takarda.

Motar marigayi maigidana, babansu Sati, ce ta tayar mini da hankali. In an tashe ta sai ta dinga karkarwa, a hawa kuma ƙarfinta ya tafi, ga warin fetur. Makaniken nan ya canza fulogi, ba ta daina ba. Yanzu ya ce injin ne ya buga, sai an sauke shi.

Ka san 'yata Eunice ta shiga watanta, kuma likita ya ce kada ta kuskura ta haihu a gida saboda hawan jini. Wannan motar kaɗai muka dogara da ita. Ba na iya barci.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Lahadi

Kontagora

Yaya Lahadi,

Muna lafiya, Kulu tana gaishe ki. Sati ya lallaɓo da motar gareji jiya.

Injin bai buga ba, kada ki bari kowa ya sauke shi. Misin take yi, wato silinda ɗaya ba ta ƙona mai. Na bar ta a kunne ina zare wayar nozul ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda na zare sai karkarwar ta ƙaru, amma da na zare ta uku ko gezau. Na kwance wannan nozul ɗin, shi ne mai fesa fetur cikin injin, na tarar datti ya toshe shi. Na tambayi Sati inda yake shan mai, ya sunkuyar da kai ya ce, “Kawu, na galan ne a bakin hanya.”

Na wanke nozul da tanki, na sa sabuwar filta. Na kai ta hanyar Rijau na dawo, ban ji komai ba. Gobe zai taho da ita.

Allah Ya sauki Eunice lafiya.
Japhet

Kontagora

Japhet,

Na zo garejinka aka ce ka tafi Auna gyaran wata babbar mota, sai na bar maka wannan.

Naƙuda ta kama Eunice ranar Lahadi muna shirin coci, ana ruwa. Ina baya riƙe da kanta, kunnena yana kan injin har muka iso asibitin nan Kontagora. Ko tari motar ba ta yi ba. Muna shiga aka wuce da ita tiyata. Likita ya ce mun zo a kan lokaci.

Mace ce. Uwa da 'ya suna lafiya.

Allah Ya yi maka albarka.
Lahadi

Yaya,

Na karanta a tsaye, na zauna a kan tsohuwar taya na sake karantawa. Bari in wanke hannu. Kulu ta ɗora kunu, muna tafe asibitin.

Japhet