Inna, Ƙishirwarki Ta Koma Gidan Yaya Kulu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, da fatan makwancinki yana da haske da yalwa. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma ke ce za ki fi gane ta.

Kin tuna damanar da moɗa ba ta barin hannunki? Ki sha, ki zagaya bayan ɗaki, ki dawo ki ƙara sha. Alwalar Magariba ba ta kai ki Isha'i. Kina ci kamar kullum, amma zanenki sai ƙara zagaye ki yake yi. Na ga kiyashi suna taruwa a makewayi, na gaya wa Baba, ya ce ina ne kiyashi ba su zuwa.

Muka ce rama ce. Muka dage da dama miki fura da suga da zuma don ki yi jiki. Masu dubiya kuma kowa da lemun kwalbarsa.

Ƙaya ta soke ki a gona, ba ki ji ba sai da kika ga jini. Wurin ya zama gyambo. Sai da ƙafar ta fara baƙi muka kai ki asibiti a Kaura. Malamar asibiti ta soki ɗan yatsanki, ta ɗiga jinin a bakin wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba. Kafin mu gyara zama ta ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe yana aiki. Awon da bai kai tsawon gaisuwa ba, Inna. Ba ki ga kaka ba.

To, bayan an kai gero rumbu na je gaida Yaya Kulu, can ƙauyen mijinta bayan Sakajiki. Ban gama cin tuwona ba na ga sawunta ya yi yawa tsakanin randa da bayan ɗaki. Ta miƙo mini allura in sa mata zare, wai idonta na hazo. Da na yi magana ta ce, “Zafin gari ne, Auta, kada ka ja mini ciwo da bakinka.”

Na yi ta zarya har ta yarda mu je asibiti, mijinta ya ba da izini. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a 'yan kabu-kabu ba su ɗaukar mata, mota kuma ba ta shiga hanyarsu, sai na aro babur ɗin Kawu na goya ta.

Ashe kafin mu taso ta sha koko da suga, don kin saba ce mana ba a kama hanya da ciki wayam. Malama ta auna, ta ga ya hau, amma ta ce ba za ta yanke magana ba sai mun dawo da safe, Yaya ba ta sa komai a baki ba tun dare, in ba ruwa ba. Muka dawo. Ciwon nan naki ne, Inna.

An ce ba ya warkewa, sai dai a riƙe shi: magani kullum, a bar suga, a rage tuwo da fura, a ƙara wake da ganye, kada ta taka ƙasa ba takalmi. A gidan da ba abin da ke rumbu sai gero. Ni ma an auna ni, tunda yana bin jini. Nawa bai nuna ba tukuna.

Yaya ba ta yi kuka ba. A hanya ta ce in tsaya, ta sauka, ta daɗe tana kallon ƙafafunta, sannan ta hau.

Akwai ɗan faso a dunduniyarta ta hagu. Yanzu in na je, shi nake fara dubawa kafin in gaishe ta.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya shayar da ke ruwan Alkausara. Ya bar wa Yaya ƙafafunta, ta raini 'ya'yanta a tsaye.

Naki har kullum,
Autanki, Kabiru.