Irin Barkonon Mahaifiyata

Zuwa ga Sarkin Noma na ƙauyenmu, a ƙasar Gagarawa. Gaisuwa da girmamawa, Allah ya ja zamaninka.

Bayan haka, ni ne Ɗanjuma, maƙwabcinka a bakin tafki, darni ɗaya ya raba lambunanmu. Na so maganar nan ta ƙare a zaurenka. Sau biyu ina zuwa ana cewa ka fita, shi ya sa za a karanta wasiƙar nan a bainar jama'a, kuma raina bai so ba.

Na farko, da faɗuwar damina ka karɓi dashen barkono a hannun fatake. Na nuna maka farin ƙwaro, kamar ɓurɓushin auduga, maƙale a gindin ganye. Ka yi dariya, ka ce ruwan marka zai wanke shi. Ruwa ya zo, ƙwaro ya ƙara ƙiba.

Na biyu, na roƙa a tuge waɗanda suka kamu a ƙone. Ka ce al'ada ta hana kunna wuta a gona gero na tsaye. Na san al'adar, ranka ya daɗe, a cikinta aka haife ni. Amma ai da an ɗebo su zuwa bayan gari, ko a binne. Ka hana a taɓa har kaka.

Na barbaɗa toka, na yayyafa ruwan taba, har hannuna ya yi kanta. Tururuwa kuwa ba ta san darni ba, ita ta riƙa yi wa ƙwaron jagora zuwa wajena. Ganye ya yi danƙo, ya yi baƙi, fure ya zube. Ko na miya ban tsinka ba.

Ba miyar ce ta dame ni ba. Irin nan na mahaifiyata ne, da shi ta zo daga Maigatari tun kafin zuwan Nasara. Bara ta rasu, bana na shuka duk wanda ta bari a ƙwarya. Baƙin cikina ba ya faɗuwa.

Roƙona biyu ne. A yarda a riƙa fitar da shuka mai cuta kafin girbi. Sannan uwargidanka tana da irin nan a rataye a madafa, mahaifiyata ce ta ba ta. A sam mini ko cikin tafin hannu ne.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kare gonarka. Wassalam.

Ɗanjuma na bakin tafki