Da Tafin Ƙafa Nake Jin Ganga

Anti Sauda, don Allah ki taimake ni, abin nan ya ishe ni kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ni 'yar zangon Takoradi ce a Gana, shekarata hamsin da takwas. Sana'ata kaɗa jita mai lantarki, kiɗan rok, mai ƙarar nan da tsofaffinmu ke cewa na aljanu ne. Ina 'yar shekara sha shida yayana ya samo kaset a wurin ma'aikatan jirgin ruwa, na saurara, shi ke nan na kamu. Babana ya yi faɗa har ya gaji, daga baya shi da bakinsa yake ba mutane labarin 'yarsa ta ci gasa a Kumasi. Na yi kiɗa a Abijan, na yi a Legas, sannan Dubai. Yau shekarata ashirin da shida a nan. Mu huɗu muke kiɗa a wani otal a unguwar Al Rigga, ni ce shugaba. Na yi aure, na haihu, na aurar, mijina ya rasu, duk jitar nan tana rataye a kafaɗata.

Anti, kunnena ne. Na hagu khalas, ya daina ji, na dama saura kaɗan. Shekara huɗu ke nan ina ɓoyewa. Dabarar da na samo, sai in cire takalmi kafin in hau dandamali. Dandamalin na katako ne, idan aka buga ganga bugun yakan bi katakon ya shigo tafin ƙafata, da shi nake sanin inda muke a waƙa. Mutane sun ɗauka salo ne. Har wasu 'yan mata 'yan Filifin suke cire nasu takalman wai suna kwaikwayona, ni kuwa sai dai in yi dariyar yaƙe.

To yanzu otal ɗin na gyara, sun fasa katakon, siminti da tayil za su zuba. Saura sati uku a buɗe. Ran Talata muka yi gwaji a wani ɗaki mai daɓen siminti a Al Khabaisi, sai ga ni na shiga kiɗan a makare, a waƙar da ni na tsara ta tun kafin a yi jirgin ƙasan metro a Dubai. Kunya ta kama ni, na juya na zazzage wa Salmanu, mai gangarmu, ɗan Zariya, shekara goma sha ɗaya muna tare. A gaban kowa na ce shi ya ɓata. Bawan Allah ya sunkuyar da kai ya ba ni haƙuri. Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi.

In na faɗa, ina tsoron manaja ya ce tsohuwa ta ƙare, ga bizata a hannunsu. In na yi shiru, ranar buɗewa asirina zai tonu a gaban jama'a. Ko in tattara in koma gida ba wanda ya sani? Ban iya komai ba sai kiɗan nan, kuma wallahi yatsuna ba su gaji ba.

Mai Jita, Al Muraqqabat

Sannu, 'yar'uwa.

Macen da ta shekara arba'in da biyu tana wannan aiki, har ta koya wa ƙafarta aikin kunne, ba ita za a ce ta ƙare ba. Amma bari in fara da inda ke miki zafi. Kin zalunci Salmanu, kin kuma sani. Ki nemi gafararsa a gaban waɗanda kika ci masa fuska a gabansu. Sannan ki tambayi kanki: makaɗin da ya san bai yi kuskure ba, me zai sa ya ba da haƙuri? Ina kyautata zaton ya daɗe da ganewa, asiri yake rufa miki. Kina ta wahalar ɓoye wa mutumin da ke taya ki ɓoyewa.

Tsoron manaja ba shirme ba ne, kuma ba zan yi miki alkawarin zai yi adalci ba. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wadda ta kai kanta da matsala da magani a hannu, daban take da wadda aka kama. Cikin satin nan ki ga likitan kunne. Akwai na'urorin ji da ake yi domin makaɗa, kuma shi zai gaya miki yadda za ki tsare jin da ya rage. Wannan ya fi aikin otal muhimmanci, don akwai surutun jikoki da za ki so ki ji. Daga nan ku je wurin manaja ku huɗu, ku nemi a ɗora katako a inda ke da mai ganga kuke tsayawa. Aikin kafinta ne na yini ɗaya.

In ya ƙi, ba otal ɗaya ne a Dubai ba, kuma mai shekarunki a sana'a tana da abin koyarwa. Komawa gida ba laifi ba ne, amma ki koma ranar da kika ga dama, da sallama, ba a sace kamar mai laifi ba. Kunnen da ya gaji a bakin aiki ba abin kunya ba ne.

Yanzu ki ajiye jaridar nan ki kira Salmanu. Allah Ya ƙara lafiya, Ya bar yatsun nan a kan tsirkiya shekaru masu yawa.

Anti Sauda