Sitiyarin Motar Asibitinmu Ya Fi Ƙarfin Hannuna

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Lafiya na Ƙaramar Hukumarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida Yallaɓai da iyali da abokan aiki, da fatan damina tana yi muku albarka.

Sunana Sale, ni ne direban motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙaramin asibitin garinmu. Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina jan bas tsakanin Ɗambatta da Kano kafin na kama wannan aiki. Sau uku ina rubuto maka a rufe. Yau na buɗe wannan takarda kowa ya karanta, don kada gobe a ce Sale ya gani ya yi shiru.

Na farko, ciwon motar. Tun bazara ya fara. Ina cikin tafiya lafiya lau, sai jar fitila mai hoton sitiyari ta kama a gabana, nan take sitiyarin ya sandare kamar ina juya dutsen niƙa. In na kashe mota na tayar, wani lokaci ya saki, wani lokaci ya ƙi. A kwalta mutum ya lallaɓa. To mu hanyarmu 'yar siririya ce tsakanin gonaki, kwana bisa kwana, ga yashi, yanzu kuma gero ya tashi ya rufe hagu da dama. Na duba iskar taya, na duba batir da fis da ƙafafun gaba. Duk ƙalau suke.

Na biyu, amsar ofishinka. Duk takardar da na aiko, abin da ke dawowa kwali ne na man sitiyari. Yallaɓai, wannan mota ba ta shan man sitiyari. Nata na lantarki ne, ba famfo, ba bel, ba ma wurin da za a zuba man. Na buɗe bonet na ce wa magatakardan da ya kawo ya nuna mini. Ya zagaya, ya leƙa, ya koma kan takardarsa ya ce, "Ni dai abin da ke cikin fom ke nan, Malam Sale, sa hannu kawai mu wuce." Fom ɗin kuwa tun na tsohuwar motar da aka kwashe ne. Na ji nauyin mayar da shi da kaya, na sa hannu, haka ma na biyu da na uku. Wannan wautata ce, ban ɗora wa kowa ba. Ban san kowane sa hannu a wurinku yana nufin an gyara ba. Robobin man suna nan jere a sito kusa da tsintsiya, ko murfi ba a buɗe ba.

Na uku, gareji. Makanikin ƙaramar hukuma dattijo ne, gwani a kan tsofaffin motoci, ba zan ci mutuncinsa ba. Kwana biyu motar ta yi a wurinsa, ta dawo ba jar fitila. Har na yi hamdala. Ashe baƙin salatif aka manna a kan fitilar, sai da zafin rana ya ɗaga gefensa na gani.

Wata rana da na kai mara lafiya Kano, sai na biya wurin masu duba mota da kwamfuta. Mai wurin ya jona na'urarsa, bai yi minti goma ba ya ce sensa ce, wadda ke ƙarƙashin sitiyari tana jin ƙarfin hannun direba. Ta fara ba da labarin ƙarya, ita kuwa mota da ta ji shakka sai ta janye taimakonta ta bar ka da ƙarfinka. Ya ce a canza ta, a saita da kwamfuta, shi ke nan. Ya rubuta, na haɗa da takardata ta uku. Kwali ya sake zuwa.

Na huɗu, shi ne ya sa ni wannan rubutu. Wata Laraba da hantsi maƙwabcina Malam Garba ya yanke jiki ya faɗi a gonarsa. Ma'aikacin asibitinmu ya ce hawan jini ne, a garzaya babban asibiti. Na ɗauke shi, ƙaninsa yana riƙe da kansa a baya. Muna isa kwanar bakin rafi fitilar ta kama. Na sa hannu biyu, na sa ƙirji, na kira sunan Allah, motar ta miƙe abinta ta faɗa taɓo. Manoma suka yar da fartanya suka zo, ana tura ana tona, ba mu fito ba sai azahar. Kafin mu hau kwalta ya cika.

Na san rai ba ya wuce wa'adinsa. Matarsa Inna Hajara ma abin da ta aiko mini ke nan daga cikin gida: "Ku ce wa Sale kada ya sa a ransa, ya yi iya yinsa." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kullum ina jin muryar 'ya'yansa.

Na biyar, takardar tuhumar da kuka aiko. Kun ce an kula da motar har sau uku, ga sa hannuna, don haka matsalar daga direba take, in je a auna idona. Idona yana gani, Yallaɓai. Da shi na ga taɓon nan yana tahowa.

Abin da ke cina yanzu, mutane ba su daina zuwa ba. Mai haihuwa, wanda maciji ya sara, wanda zazzaɓi ya kayar, duk ƙofata ake bugawa, don sun ga farar mota mai tambarin gwamnati sun ɗauka tsira ce. In na ƙi, na hana taimako. In na ɗauka, ban san kwanar da motar za ta bashe ni ba. Na gaji, kuma na daina sa ran za a ji ni.

Roƙona biyu ne. Ka sa a canza sensar nan a saita ta a wurin waɗanda suka san aikin. In ba za a yi ba, don girman Allah ku aiko a ja motar a tafi da ita, mutanenmu su yanke ƙauna su koma ɗora marasa lafiyarsu a amalanke. Shanu ba sa sauri, amma inda aka juya su nan suke bi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da kujerarka lafiya. Allah kada ya kawo ranar da kai ko naka za ku kwanta a bayan wannan mota, ni ina gaba.

Wassalamu alaikum.

Sale Direba