Fatar Takarkarin Tata

Maitabki, Damargu
20 ga Safar, 1926 a lissafin Nasara

Zuwa ga abokina tun na lakwal, Malam Attahir, magatakardan kanti a Zangon Damagaram.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Mariyama da yara, da tsohuwa da ciwon gwiwarta. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi kyau, gero ya yi ciki, tabki ya cika har gindin tsamiyoyi.

Bayan haka, ƙiragan da ka tambaya za su taso in watan Gani ya kama, ka ce wa Nasaranka ya kwantar da hankali. Ba su ne suka sa ni ɗaukar alƙalami ba. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya, kuma a garin nan ba wanda zan gaya wa ba ta zaga kasuwa ba.

Na sha kiranka bikin Ganinmu ba ka zo ba, to bari in ba ka labari. Tambari ɗaya gare mu, itacensa ya girmi kakan Maigari, kuma kowace shekara sai an sake masa fata. Ran ɗaya ga wata a yanka sa, gari ya ci naman sadaka, fatar a binne ta cikin lakar tabki kwana uku, a ɗaura, ta bushe a inuwa. Ran goma sha biyu, in malamai sun idar da yabon Annabi, mata sun jera sababbin ƙoren da suka zana a bakin ruwa, sai a buga sau uku. Mutanen tsallake in sun ji su amsa da gangunansu. Sai an amsa masunta ke shiga ruwa da gora. Kafin nan ko ɗan tarwaɗa ba mai taɓawa. Daga nan sanƙira ya kira sunan wanda ya ba da sa, da na wanda ya ɗaura.

Mai ɗaurin kuwa wana ne, Manzo.

Ka tuna shekarar da Kwamanda ya ce kowane maigari ya kawo yaro lakwal, makarantar Nasara. Namu bai ba da ɗansa ba, gidanmu ya zo. Mu biyu ne a zaure. Baba bai yi dogon tunani ba, ya dafa kan Manzo, ya nuna ni da haɓa. Manzo ya zauna ya gaji ɗauri, ni aka aza ni bisa jaki ina kuka. To ga shi yau, wanda aka yar shi ke da soro mai ƙofar katako, shi ke da raƙuma, shi Kwamanda ke miƙa wa hannu in ya zo rangadi. Ba wanda ya ba ni ko allura. Manzo rigarsa guda, in an wanke ta sai ya wuni a ɗaka. Amma shiga kasuwarmu ka tambayi Sule Maifata, sai a yi jim, can wani ya ce ko ƙanen Manzo kake nufi.

Bana na ce sai sunana ya fito daga bakin sanƙira. Wata bakwai ina kiwon jan bijimi a turke, irin shanun Tenhiya, dusa da harawa da kanwa, har ƙofar garke ta yi masa kaɗan. Jiya aka jera shanu a ƙofar Maigari. Manzo ya zo gun nawa, ya tsunkuli fatar wuya da yatsa biyu, ya ce masha Allah, ya wuce. Ya je ya tsaya gun takarkarin Tata, wata tsohuwa mai sai da gishiri, sa ne da haƙarƙari a waje, ya tsufa yana kai gero Agadas. Shi ya zaɓa. Da na tare shi, wai kitse ya shiga fatar nawa, ba za ta yi amo ba, sai wadda ta sha rana da tafiya.

Ni za a koya wa fata, Attahir? Ni da ƙirgi ke bi ta hannuna safe da yamma, shi kuwa guda yake taɓawa a shekara. Na dawo gida raina a ɓace, na iske matata Raishatu tana gaya wa maƙwabta ai hannun Yaya Manzo ba ya kuskure. A cikin gidana, tana tuƙa tuwon hatsina.

Ka gai da mutanen gida duka. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne abokinka,
Sule Maifata, mai soro


Maitabki
7 ga watan Gani

Malam Attahir, aboki na ƙwarai,

Ina gaishe ka da kyau, ina tambayar lafiyarka da ta iyali. Takardarka ta iso. Na ga inda ka ce in yi haƙuri, wa wa ne ko ba shi da riga. Na gode. Kai ma da Mushe, malaminmu na lakwal, ya ba wani lambar farko a lissafi, kwana uku ba ka ci abinci ba, ban manta ba.

Ga kaya nan tare da masu raƙuma. Abin da zan faɗa yanzu kuwa, in ka karanta ka sa takardar a murhu.

Ranar da aka yanka takarkarin Tata, ni ma na yanka bijimina a gida, na ce sadakata ce. Na feɗe shi da hannuna, ba ƙarzane ko ɗaya, na jiƙa fatar a komi da lakar da na sa aka ɗebo. Duka biyun jajaye ne, kuma in fata ta kwana uku cikin laka gashi ya saki, ba mai rarrabewa. Ran Juma'a da aka yi kiran salla gari ya koma masallaci, na ce cikina ke murɗawa. Na bi ta bayan gonaki na je gindin tsamiyar da Manzo ya kafa sanda, na tono tasa, na binne tawa. Juma'ata ta wuce, Allah ya gafarta mini, amma aikin ya yi tsaf.

Washegari ina tsaye cikin mutane ya ciro ta. Ya wanke, ya shimfiɗa, ya bi ta da tafin hannu daga wutsiya zuwa wuya. Ya daɗe a wuyan. Amma bai ɗago kai ba, wuƙa kawai ya ɗauka ya shiga gyara gefe. Ka ga hannun da ba ya kuskure ke nan. Ya ɗaura ta, tana can rataye a zaurensa, sumul kamar takardar da ake rubutu a biron Kwamanda.

Ba na son komai sai wannan. Ran sha biyu, in tsallake sun amsa, aka gama yabon takarkarin Tata da hannun Manzo, in miƙe in ce jama'a, fatar da kuka ji ta bijimin da aka raina ce. Ina so in ga fuskarsa. Ina so Raishatu ta kasance kusa.

Ta takarkarin na shanya ta, na cusa cikin dilar ƙiragan da ke zuwa gare ka. Nasara ya yi takalmi da ita.

Sai ka ji kyakkyawan labari. A gai da tsohuwa.

Naka,
Sule Maifata


Maitabki
13 ga watan Gani

Attahir,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ka yafe mini gajarta ta, Buzun da zai kawo maka wannan yana bisa raƙuminsa a ƙofa.

Jiya aka yi Gani. Malamai sun yi yabo tun hantsi, mata sun jera ƙore har ba wurin sa ƙafa, masunta na tsaye da gorunansu a gaɓa. Na sa babbar rigata mai aska takwas, na tsaya gaba. Aka buga. Attahir, ka taɓa dukan buhun dusa da sanda? Haka ya yi. Ko tsuntsayen da ke kan ruwa ba su tashi ba. Aka buga sau uku, aka jira. Aka sake, har sau tara. Tsallake shiru. Mata suka fara kwashe ƙorensu ɗaya ɗaya, masunta suka kife goruna suka zauna a kai.

Tata ta zauna a ƙasa tana kuka, wai Allah bai karɓi santa ba, shekara goma sha huɗu yana ciyar da ita. Maigari ya ce hannun Manzo ya mutu, in wata ya ƙare zai aika garin Gangara a kawo wani mai ɗauri, ɗauri ya bar gidanmu ke nan. Ba a yanka sa na biyu, al'ada ta ce fatar da gari ya ci namanta ita ke hawa tambari. Har sai an daidaita, ba mai shiga ruwa, ga gidajen masunta da ba su da gona. Aka juya ga Manzo. Ya ce laifinsa ne, ya saɓa tambarin ya tafi. Ba wanda ya bi shi.

Da la'asar ya zo rumfata. Bai zauna ba. Ya aza wani abu bisa sikeli, ya ce in gai da gida, ya fita. Guntun fata ne kamar tafin hannu, da hatimina a jiki, S ɗin nan da nake hudawa da ƙarfe a wuyan kowane ƙirgi don kantinku. Wallahi ban san na buga ba. Na feɗe, hannuna ya ɗauki ƙarfe kamar kullum.

Ashe tun ranar da ya ciro ta ya sani. Ya yanke shaidar ya sa aljihu, ya ɗaura fatar da ya san ba za ta yi amo ba, don in ya nuna, korata za a yi daga garin, in rasa soron da komai.

Za ka ce kunya ta kama ni. Ta kama ni. Amma kai kaɗai zan gaya wa, abin da ya fi cina shi ne ko a nan ma ya fi ni. Da ya zage ni a kasuwa da na ji sanyi. Ya fi ni sanin fata, yanzu kuma ya ɗora mini alherin da ban roƙa ba, ban kuma san inda zan sauke shi ba.

Don Allah ka kwance dilar kafin a kai ta Kano. Fata ɗaya ce a ciki ba hatimi, mai tabon kaya biyu a gadon baya, tana warin laka. Allah ya sa ban zuba mata maganin ƙwari ba. Ka ba Buzun nan, kada kowa ya sani. Zan kai masa ta bayan gida, a rufe maganar.

Sule


Maitabki
28 ga watan Gani

Zuwa ga ɗan'uwana Attahir,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Ina fata kana lafiya da iyali, ina kuma yi maka jajen faɗan da Nasaranka ya yi saboda kwance dila. Ka ga rubutuna ya karkace, hannuwana a naɗe suke da tsumma.

Fata ta iso, na kai ta bayan gida kamar yadda na shirya. Manzo ya ƙi karɓa. Ya ce in ya kwance waccan ya ɗaura wannan, za a tambaye shi daga ina, shi kuwa ya yi wa gari ƙarya sau ɗaya saboda ni, ba zai ƙara ba. Ya ce in mai da ita, Gangara ba nisa.

Kwana biyu tana jingine a ɗakina. Raishatu ta gani, ta ga tabon, sai ta daina zama in ina cin abinci. A rana ta uku, ranar kasuwa, na tuɓe rawani na ɗora ƙirgin a ka. Ni da ko buta ba na ɗauka da kaina. Na ratsa ta 'yan gishiri. Tata ta hango tabon, ta taso ta rungume fatar tana kiran san da sunansa, sannan ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe lakwal har satar mushe ake koyarwa. Kasuwa ta bi ni har ƙofar Maigari. Ban yi dogon bayani ba, na aje fatar, na aje guntun mai hatimi kusa da ita.

An so a kore ni. Manzo ya ce ɗauri aikin mutum biyu ne, tun rasuwar Baba turke yake ɗaura wa igiya ya ja shi kaɗai, a ba shi ni. Maigari ya yarda, ya ƙara da cewa shekara bakwai kada in kawo sa ƙofarsa.

Fatar ta kwana uku a laka, muka ɗaura. Wuni guda ina jan ɗanyar igiyar fata, ƙafa a jikin itace, shi yana bi da yatsa yana cewa ƙara, ƙara, tsaya. Tafina ya saɓule tun kafin azahar. Muna hutawa ya tambaye ni wai da gaske ne a Damagaram akwai gida bisa gida. Ya ce ranar da aka aza ni bisa jaki shi ma ya yi kuka a bayan rumbu, don shi ya so tafiya, ga shi ya tsufa bai taɓa wuce Falanko ba. Ban yarda ba. Ko kukan nan nawa ma so yake mu raba.

Jiya aka sake taruwa. Bugu ɗaya, na ji shi a ƙashin ƙirjina, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Kafin na uku tsallake sun amsa. Masunta suka faɗa ruwa, mata na guɗa, sanƙira ya kira Tata, ya kira Manzo, ya maimaita. Ni ina can baya da hannuwa a tsumma. Ba zan ɓoye maka ba, har yanzu da na ji sunansa sai da wani abu ya soke ni. Amma amon da ya tsallaka ruwan, da jan hannuna a ciki, kuma mu biyu kaɗai muka san wace igiya ce tawa.

Wani tsoho daga tsallake ya zo da kifin farko ya ba Manzo, Manzo ya raba biyu ya ce a kai wa wanda ya ja. Tsohon ya shiga cikin taro yana tambaya, ina ƙanen Manzo? Na ɗan jira ko wani zai faɗi sunana. Ba wanda ya faɗa. Sai na ce ga ni.

Baɗi ka zo Gani, ka ga ɗauri da idonka. Manzo ya ce in hannuna ya warke zai nuna mini yadda ake tsunkular wuya. A gai da Mariyama da yara, Allah ya ba tsohuwa sauƙi.

Ni ne abokinka,
Sule, ƙanen Manzo