Layin Ƙarshe na Fayil ɗin Auta

Litinin, 3 ga Maris

Baban yara lafiya, ban da tarin. Yayan Auta lafiya, bai dai leƙo ba. Ni gwiwa ce. Auta ce ba lafiya. Tun da aka yi mata aikin ido take ɗaure da bandeji, likita ya hana ta kallon kwamfuta. Bai ce idon zai dawo ba, bai ce ba zai dawo ba.

Laraba, 5 ga Maris

Yau ta zaunar da ni gaban kwamfutarta. Ni da sai da na aurar da 'ya na fara riƙe fensir! Akwai wata manhajar rubutu da mutane ke ƙara wa dabaru, ita ma tana da nata ƙarin da ta yi shekaru tana reno. Masu kula da manhajar sun dawo mata da shi, wai ta gyara ko su miƙa wa wani.

Tana faɗar harafi ina nema da yatsa ɗaya. Rubutun nasu duk baka-biyu ne, kamar an zubar da yankakken farce.

"Umma, kin rufe bakan?"

Na ce wanne daga ciki? Ta yi dariya, sai ta dafe ido.

Alhamis, 6 ga Maris

Na gane laifin nata. Kowane fayil, a samansa ake jera sunayen fayilolin da yake buƙata. A layin ƙarshe kuma ya faɗi nasa sunan, don manhaja ta san ya shigo. Auta ta ɗora sunan nata fayil ɗin a sama. Babban masu kula da manhajar, wanda take kira Mai Jan Biro, ya ce in fayil ya lalace a tsakiya, manhaja za ta ɗauka ya shigo cikakke alhali rabi ne.

Ita ta ce tana da dalili: fayiloli biyu ne kowanne ke kiran ɗan'uwansa, in ba ta yi haka ba sai su yi ta kiran juna ba tsayawa. Shi ya ce ta ware abin da suka haɗu a kai, ta buɗe masa fayil na uku. Aiki ne ja.

A raina na ce Allah ya sa su ƙwace. Ta huta.

Asabar, 8 ga Maris

Ba ta ci komai ba. Na ji tana laluben bango.

Lahadi, 9 ga Maris

Na kama ta ta ɗaga gefen bandejin tana leƙen allon. Na buge hannun. Rabon da in buge ta tun tana firamare.

"To in suka karɓe, me ya rage mini, Umma?"

Babanta daga falo yana cewa a sayar da kwamfutar kowa ya huta. Na ce masa ya sha maganin tarinsa.

Na ja kujera. Na ce faɗi, ina bugawa.

Talata, 11 ga Maris

Fayil na uku ya kammala. Kafaɗata kamar an dake ta. Sau biyu manhajar ta ƙi, ina karanta mata jan rubutun kuskuren da ya fito harafi-harafi, tana cewa koma sama, koma ƙasa. A na ukun shiru, ba ja. Layin ƙarshe ban jira ta faɗa ba, na riga na san shi. Ta ji ƙarar maɓallan ta ce, "Umma, wa ya aike ki?"

Ba wai abin ya dame ni ba ne. Amma da za mu tura wa Mai Jan Biro na ce ta juya mini wannan zuwa Turanci, in buga a ƙasa:

Ɗana, uwarta ce ta buga wannan da hannunta. Mun sauko da sunan ƙasa yadda ka ce. Ranar Litinin za a kwance mata ido, kuma ba mu san me za a tarar ba. Don Allah ka ba mu amsa kafin ranar, in karanta mata.